JIRAN GAWON SHANU: SHIRUN MASU ƊAUKAR AIKI BAYAN GANAWA



GABATARWA

Akwai wata 'yar gajeruwar jimla wadda kusan duk wanda ya taɓa neman aiki a ƙasar nan ya ji ta da kunnensa. Kalmominta huɗu ne kacal: "Za mu neme ka." Da ita ake rufe ganawar ɗaukar aiki, watau abin da jama'a suka fi sani da intabiyu. Shugaban kwamiti yakan faɗe ta yana rufe fayil, mai nema kuwa ya miƙe, ya rusuna, ya yi godiya, ya fita. Daga nan sai shiru. Wata ya shuɗe, wani ya bi bayansa, har shekara ta zagayo, ba wasiƙa ba saƙo, sai dai wata rana ya ji a bakin mutane cewa waɗanda aka ɗauka tuni sun fara karɓar albashi.

Wannan lacca za ta duba shirun nan: inda ya samo asali, abin da yake jawo wa matashin Tudun Wadar Gusau da takwarorinsa na Tsafe da Bunguɗu, hujjojin da ofisoshi ke kawowa don kare kansu, da kuma hanyar gyara. Abin da za ta tsaya a kansa shi ne cewa amsa bayan ganawa bashi ce a wuyan wanda ya kira mutum, kuma al'adar Bahaushe, wadda wasu ke fakewa da ita, ba ta taɓa amincewa da irin wannan shiru ba.

1. ZAMANIN DA AIKI KE NEMAN MUTUM

Domin a fahimci yau, tilas a waiwayi jiya. Gusau ta bunƙasa ne da ciniki. Tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa ta ya kai Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa, kamfanoni suka buɗe rumfuna, aka kafa injin gurzar auduga, baƙi suka yi ta zuwa suna zama a unguwanni irin su Sabon Gari da Tudun Wada. A shekarun 1960 aka kafa masaƙar Zamfara, wadda ta ci gaba da ɗaukar ma'aikata masu yawa shekara da shekaru.

Ta fuskar gwamnati kuwa, tun daga 1954 Jihar Arewa ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, sai ya zamana guraben sun fi masu takardar shaida yawa. Yaron da ya gama midil ko kwalejin horon malamai ba ya daɗewa bai sami wurin zama ba. Haka abin ya ci gaba bayan an ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967 da Jihar Sakkwato a 1976, gama kowace sabuwar jiha tana bukatar akawu da malamai da ma'aikatan jinya. A wancan zamani aikin ofis ya ginu ne a kan wasiƙa. Takarda in ta shigo sai an shigar da ita rajista an ba ta lamba, kuma akawu yana ganin abin kunya ne a sami fayil a teburinsa ba a mayar da amsa ba. Waɗanda aka naɗa kuma ana buga sunayensu a Gazet ɗin gwamnati, kowa ya gani.

Daga 1982 farashin mai ya karye, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. A 1984 aka rage ma'aikata da yawa, a 1986 kuma aka shigo da shirin nan na gyaran tattalin arziki, kamfanoni suka fara durƙushewa, har masaƙar Gusau ita ma daga baya ta rufe ƙofa. Ana cikin haka makarantu suna ta ƙaruwa. Bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, ga Kwalejin Ilmi ta Maru, ga Kwalejin Ilmi ta mata a Gusau, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, sa'an nan a 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau. Kowace shekara waɗannan makarantu suna yaye ɗalibai, amma babban mai ɗaukar aiki ɗaya ne, watau gwamnati. Da ma'auni ya juya, masu nema suka fi gurabe yawa, sai ladabin ofis ya fara zubewa. Mai kayan da ake rububi bai cika kula da yadda yake amsa wa mai saye ba.

2. ABIN DA SHIRU KE CI

Mutane da yawa suna ɗaukan rashin amsa a matsayin ƙaramin rashin ladabi. A gaskiya asara ce wadda ake iya lissafawa.

Da fari akwai kuɗi. Kafin matashi ya zauna gaban kwamiti, ya biya mai kafe ya cika masa fom a intanet, ya ɗauki hoto, ya yi fotokwafin takardunsa, ya karɓo takardar shaidar ƙaramar hukuma, wani lokaci har da takardar rantsuwar shekaru daga kotu. In ganawar a Sakatariyar J. B. Yakubu take, mutumin Tudun Wada kuɗin babur kawai zai kashe. In kuwa a Sakkwato ko Kaduna ko Abuja take, to sai kuɗin mota da masauki, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka. Sau da yawa kuɗin nan tunkiyar uwa aka sayar, ko buhun masarar uba. Bayan kuɗi akwai kasada, gama duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe a shekarun nan na 'yan bindiga ya san da addu'a ake fita, da addu'a ake dawowa.

Na biyu akwai lokaci, wanda ya fi kuɗi tsada. Wanda aka ce za a neme shi ba ya sakin jiki ya kama wani abu. Makaranta mai zaman kanta ta kira shi koyarwa, ya ce a ɗan dakata. Ɗan'uwa ya ce ya zo Kano ya tsare masa shago, ya ce sai ya ji sakamako. Damina ta faɗi, yana wasi-wasi ko ya ɗauki gona ko ya bari. Budurwar da ta yi ganawar aikin jinya iyayenta sun rasa ranar da za su tsayar wa manemi, don ba a san garin da za a tura ta ba. Sa'an nan ga ƙa'idar shekaru: tallan ɗaukar kurata na 'yan sanda, alal misali, yakan tsayar da shekara 18 zuwa 25. Wanda ya ɓata shekara biyu yana jiran amsar wani ofis, yana iya waiwayowa ya tarar wata ƙofar ta rufe masa har abada.

Na uku akwai rashin tabbas. Mai jira bai san ko an ƙi shi ba ne, ko kuwa an neme shi ba a same shi ba. Mutanen Zamfara sun ɗanɗana wannan a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Duk wanda ke jiran saƙo a lokacin yana da dalilin zaton cewa nasa ya zo ya wuce. Ofishin da ba ya tsayar da ranar fitar da sakamako, ba ya kuma liƙa shi a allo, ya bar irin wannan mutum cikin zullumin da ba shi da magani.

Na huɗu, kuma mafi muni, shiru yana kashe yarda. Matashin da ya yi ganawa sau uku bai ji komai ba yakan yanke hukunci cewa ganawa wasan yara ce, aiki sai mai uwa a gindin murhu. Ƙanensa da ke aji uku a sakandare yana kallonsa, yana kuma yin nasa lissafin game da amfanin karatu. A yankin da ake fama da roƙon iyaye su bar yara a makaranta, wannan darasi ne mai haɗari ƙwarai.

3. HUJJOJIN DA AKE KAWOWA

Adalci ya wajabta a saurari ɓangaren ofis. Hujjoji uku aka fi ji.

Ta farko ita ce yawan masu nema. Lalle suna da yawa. A ranar 15 ga Maris 2014, mutum fiye da dubu 500 ne suka fito jarrabawar Hukumar Shige da Fice, kowa ya biya Naira 1,000, alhali guraben ba su kai 5,000 ba, kuma aƙalla mutum 16 suka rasu a turmutsutsun da aka yi a filayen wasa. Amma wannan hujja ba ta shafi ganawa ba. Waɗanda ake kira gaban kwamiti 'yan kaɗan ne da aka riga aka tace, kuma sunansu da lambar wayarsu suna cikin fayil. Wanda ya iya aika saƙon "ka zo ranar kaza" ya iya aika saƙon "ba a dace ba". Hukumar JAMB tana yi wa ɗalibai kusan miliyan 2 jarrabawa a shekara, kowannensu kuma yana ganin sakamakonsa ta saƙon waya, wanda ya ci da wanda ya faɗi. Abin mamaki shi ne, a zamanin tafireta da kan sarki an fi mayar da amsa a kan zamanin da kowa ke da waya a aljihu.

Hujja ta biyu ita ce kunya. Ana cewa Bahaushe ba ya iya duban idon mutum ya ce masa a'a, don haka "za mu neme ka" sakayawa ce, mai hankali ya gane. Har akan kawo karin maganar nan, shiru ma magana ce. Wannan hujja ta cancanci a tsaya a kanta, domin rabinta gaskiya ne. A laccarsa mai suna Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa kunya cikin siffofi goma da Hausawa ke auna mutumin kirki da su. Amma cikin goman nan akwai gaskiya, akwai amana, akwai mutunci, akwai adalci. Ba a taɓa cewa ɗaya ta haɗiye sauran ba.

A dubi yadda al'ada ta tsara neman aure. In iyayen saurayi suka je tambaya, waliyyi ba zai ce a'a nan take ba. Zai ce a ba shi lokaci ya yi shawara da 'yan'uwa. Amma in shawara ta ƙare ba a amince ba, sai a tashi dattijo ko wata gwaggo a aika, a ba da haƙuri, a ce Allah bai ƙaddara ba, a kuma mayar da kayan da aka kawo. Gidan da ya riƙe kayan mutane ya yi gum, gari duka zai zarge shi. Haka a kasuwa, mai kaya in bai sallama ba yakan ce "albarka", mai saye ya gane ya matsa gaba. Haka mai gona da ya fito da asuba neman 'yan ƙodago, zai zaɓi waɗanda zai zaɓa, sauran su san matsayinsu tun rana ba ta yi zafi ba, su nemi wani. Ke nan kunyar Bahaushe ba ta hana amsa ba. Abin da ta yi shi ne ta samar wa amsa manzo da lafazi mai taushi. Ofishin zamani ya riƙe kunyar, ya sallami manzon. Shiru kuwa yana zama magana ne tsakanin mutanen da ke ganin fuskar juna, kowa ya karanci ɗan'uwansa. Tsakanin ofis da mutumin da ke Kwatarkwashi yana duban waya, shiru ba ya faɗin komai.

Har ila yau, "za mu neme ka" alkawari ne a lafazinta, kuma alkawari kaya ne. Malamai sun lissafa saɓa alkawari cikin alamomin munafunci, ba su kuwa keɓe wanda aka yi a ofis ba.

Hujja ta uku ita ce: "Ba a hannunmu abin yake ba." Sau da yawa wannan gaskiya ne. Kwamiti ya gama aikinsa ya miƙa rahoto, sai umarni ya sauko cewa an dakatar da ɗaukar ma'aikata, kamar yadda Gwamnatin Tarayya ta yi a 2020, ko kuwa gwamnati ta sauya, ko hukumomi biyu su sa zare. Taƙaddamar da ta tashi a 2019 tsakanin Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda da Sufeto Janar a kan wa ke da ikon ɗaukar kurata 10,000, sai a watan Yuli na 2023 Kotun Ƙoli ta raba gardamar. A nan Zamfara ma, ma'aikata 1,400 da aka ɗauka a 2014 sun yi shekaru suna jiran albashi da takardun kama aiki a hannu, har maganarsu ta shiga bukatun ƙungiyar ƙwadago a yajin aikin 2017. Amma duk wannan bai wanke shiru ba. "An dakatar da ɗaukar" ita ma amsa ce, kuma tana 'yantar da mai jira ya kama gabansa.

Akwai dalili na huɗu wanda ba a faɗa a fili. Inda ba a sanar da wanda ya faɗi ba, ba a kuma bayyana wanda ya ci ba, sauya suna a jerin sunaye abu ne mai sauƙi. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya, aka ji shaidar waɗanda suka biya kuɗi da wanda ya karɓa, aka kuma ji yadda hukumomi ke neman izinin ɗauka ba tare da talla ba, alhali ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ita ce a buga talla a jaridu biyu na ƙasa, a ba masu nema mako shida. Ba kowane shiru ne ke ɓoye cuta ba, amma cuta ba ta da mafakar da ta fi shiru. Cikin duhun nan ne kuma 'yan damfara ke kiwo, su kira mai jira su ce sunansa ya fito, sai dai ya turo wani abu a ƙarasa.

4. ME DOKA TA CE?

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa mai ɗauka ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, amma ba ta tilasta masa ya amsa wa wanda ya gana da shi bai ɗauka ba. Duk da haka mai nema ba a hannu sake yake ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala Muhammed, tana da ofis a jihohi, kuma kai ƙara gare ta kyauta ne. Akwai kuma shirin SERVICOM na 2004, wanda ya bukaci ma'aikatun tarayya su bayyana wa jama'a irin hidimar da za su yi musu da wa'adinta.

Wannan ciwo ba na Nijeriya kaɗai ba ne. A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada ya kai har majalisa ta yi doka a 2024, aka sa 1 ga Janairu 2026 ranar fara aikinta: duk mai ma'aikata 25 ko fiye da ya yi tallan aiki ya gana da mutum, tilas ya sanar da shi cikin kwana 45 ko an yanke shawara. Dokar ba ta tilasta wa kowa ɗaukar kowa ba, amsa kawai ta nema. Babu abin da zai hana Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta jiha ta sa irin wannan cikin ƙa'idojinta, ko da majalisa ba ta zauna ba.

5. SHAWARWARI

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman sakatarorin kwamitoci da jami'an mulki, abu huɗu sun isa. Na ɗaya, takardar gayyata ta faɗi ranar da za a fitar da sakamako. Na biyu, a rubuta saƙon ba da haƙuri tun kafin ganawa, a aika shi rana ɗaya da takardun waɗanda suka dace. Layi biyu sun wadatar: an gode da zuwanka, ba a dace ba a wannan karo, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Na uku, a liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka a allon ofis da sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, a kuma sanar a rediyo saboda mutanen ƙauyukan da waya ba ta kama su sosai. Na huɗu, in an dakatar da ɗaukar, a faɗa a fili. Kada a ɗauki aikin kwamiti ya ƙare sai sakatare ya sa hannu cewa an amsa wa kowa. Masu makarantu da asibitoci masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji da ke Gusau su ma wannan ya hau kansu.

Ga ɗalibai kuwa, ba rashin ladabi ba ne mutum ya tambayi kwamiti, kafin ya fita, yaushe za a ji sakamako kuma ta wace hanya. In ranar ta wuce da mako biyu, ya rubuta takarda ɗaya ta tuni, ya ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Bayan wannan ya ɗauka babu, ya ci gaba da sana'arsa ko gonarsa, in kira ya zo daga baya ya same shi a tsaye. Kada kuma ya ba kowa ko kwabo don a fito masa da suna.

KAMMALAWA

Ba a hannun akawu ko darakta yake ba ya ƙirƙiro guraben da za su ishi kowa. Wannan aiki ne na tattalin arzikin ƙasa, yana kuma bukatar shekaru da zaman lafiya. Amma amsa tana hannunsa yau, kuɗinta bai wuce na saƙon waya ba. Ɗaliban da ke zaune a wannan zaure, da yawansu nan da shekara goma ko goma sha biyar su ne za su zauna a ɗaya gefen teburin, fayil a gabansu, wani yaro daga Tsafe ko Bunguɗu yana rusunawa yana godiya. Abin da ake roƙonsu shi ne su tuna da zaman jiran da suka yi, su sallami yaron nan da amsa.

Allah ya ba masu nema abin da suke nema, ya ba masu riƙe da amana ikon sauke ta.